Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsofaffin Wasannin Gem

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan dawowa daga masu son komawa ga wasannin gem na da, da iyayen da ke son nuna wa 'ya'yansu abin da suka buga da ƙuruciya, da matasan da suka taso a zamanin waya amma suna jin ana ta labarin Sega da Mario. An sa wa tambayoyin lamba domin wata amsar tana jingina da wata.

1. Wane wasa ne ake kira tsoho?

Galibi ana nufin wasannin na'urorin da ake jonawa da talabijin, daga Atari 2600 ta 1977 zuwa PlayStation ta farko da Nintendo 64 na tsakiyar shekarun 1990. Wasu kan sa PlayStation 2 a ciki, tunda ta fito tun 2000. A wannan shafin mun fi tsayawa kan zamanin kaset da farkon zamanin faifai.

2. Waɗanne na'urori ya kamata in sani?

Huɗu ne ginshiƙai. Ta farko Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Ta iske kasuwar gem ta Amurka a durƙushe, domin a 1983 wasanni marasa inganci sun cika shaguna har mutane suka daina saye. Ita ta farfaɗo da kasuwar. Ta biyu Mega Drive ta kamfanin Sega, 1988 a Japan, wadda Amurkawa suka sani da Genesis, mu kuwa Sega kawai muke ce mata. Ta uku Super Nintendo, 1990 a Japan, kishiyar Sega ta haƙiƙa. Ta huɗu PlayStation ta Sony, wadda ta fito a Disambar 1994 da faifai maimakon kaset, aka sayar da fiye da miliyan 100.

Idan ka ji ana cewa 8-bit ko 16-bit, ana maganar girman abin da ƙwaƙwalwar na'urar ke iya sarrafawa a lokaci guda ne. Famicom 8 ce, Sega da Super Nintendo 16. A ido, bambancin shi ne yawan launi, girman mutanen da ke allo, da daɗin sauti.

3. Wadda muka buga da yarinta, mai kaset rawaya da aka rubuta wa 9999999 in 1, Nintendo ce ta gaske?

Mafi yawa ba ita ba ce. Kwaikwayon Famicom ne da masana'antun Taiwan da Sin suka riƙa ƙerawa suna turawa ƙasashen da Nintendo ba ta kai kayanta ba. Rashawa sun san tasu da suna Dendy. Akwai wadda aka yi wa jiki irin na PlayStation aka kira ta PolyStation, ka buɗe murfin faifai ka tarar da ramin kaset. Lambar nan mai tara-tara kuwa talla ce: wasannin da ke ciki 'yan ƙalilan ne, sai a maimaita su da sauyin launi, ko a fara ka daga wani mataki daban a ba shi sabon suna.

Duk da haka ban yarda a raina ta ba. Ita ta kai Mario da Contra da wasan tankoki gidajen da asalin na'urar ba za ta taɓa shiga ba saboda tsada, kuma wasannin da ke cikinta na gasken ne aka kwafa. Wanda ya gama Contra a kanta ya gama Contra.

4. Me ya sa ake ta zuzuta Super Mario Bros. alhali tsalle kawai ake yi?

Ɗauki hannu, wato abin da ake dannawa a sarrafa wasan, ka fara matakin farko, ka lura da abin da ke faruwa. Mario na tsaye a gefen hagu, fili duk yana dama, ba wanda ya ce maka komai amma ka san inda za ka nufa. Sai ga ɗan dodo guda yana tafe a hankali. In ka tsaya ya kashe ka, in ka yi tsalle ka tsira, in ka dira a kansa ya mutu. A saman kanka ga akwati mai alamar tambaya yana ƙyalli. Ka buge shi, naman kaza ya fito, ya gangara, ya bugi bututu ya dawo kanka a wurin da kauce masa ke da wuya. Ya taɓa ka, sai ka ga ka ƙara girma. Cikin 'yan daƙiƙoƙi wasan ya koya maka dokokinsa ba tare da kalma ɗaya ba. Wannan aikin Shigeru Miyamoto ne da abokan aikinsa a 1985, kuma shi ya sa yaron da bai iya karatu ba yake iya bugawa.

Duk wasan, mai matakai 32, bai wuce kilobait 40 ba, wato hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da yawa. Don tsimin wuri, gajimare da ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. An sayar da fiye da kwafi miliyan 40.

Sega ta mayar da martani a 1991 da Sonic the Hedgehog, wanda aka gina kan gudu. Dabararsa ita ce zobba: muddin kana riƙe da ko zobe ɗaya, bugu ba zai kashe ka ba, sai dai zobban su watse ka bi su kana tsincewa. Mario na son natsuwa da auna tsalle, Sonic na son ka haddace hanya har ka bi ta a guje. Na fi karkata ga Mario, amma kiɗan Sonic da launinsa har gobe suna burge ni.

5. Me ya sa wasannin da suka fi na yanzu wuya?

Dalili na farko gado ne. Da yawansu daga injinan gidajen wasa suka samo asali, inda sai ka jefa kwabo kake samun rai, saboda haka ribar mai inji tana cikin mutuwarka da wuri. Na biyu ƙarancin wuri a kaset. Wasan da gwani zai gama cikin awa ɗaya, dole a tsaurara shi in ana so ya ɗauki mai saye watanni. Na uku, yawancinsu ba su da ajiya. Rayukanka suka ƙare, ko aka ɗauke wuta kana gaban bos na ƙarshe, wato babban abokin gaba, sai komawa farko.

Amma wuyar wasa mai kyau tana da adalci. Maƙiyan suna fitowa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kullum. Abin da ya kashe ka jiya, yau ka san yana nan tafe. Game da yadda aka fara ajiye wasa, duba tambaya ta 11.

6. A wasannin harbi, wanne ya fi cancanta?

Contra na kamfanin Konami, wanda ya zo NES a 1988. Harsashi ɗaya ke kashe ka, rayuka uku ake ba ka, amma mutum biyu na iya bugawa tare, kuma nan daɗinsa yake. A matakin hawan dutse mai gangaren ruwa, in ka yi gaggawar hawa ka bar ɗan'uwanka a ƙasa, allo zai haɗiye shi ya mutu. Ta nan yara da yawa suka koyi cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sirrin nan da aka riƙa raɗa wa juna, sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, yana ba da rayuka 30. Wani ma'aikacin Konami, Kazuhisa Hashimoto, ya fara saka shi a wasan Gradius a 1986 don ya samu sauƙin gwajin wasan.

Sai wasan tankoki, wanda ainihin sunansa Battle City, na kamfanin Namco, 1985. Matakai 35 ne, kuma aikinka biyu: kashe tankokin abokan gaba da tsare mikiyar da ke ƙasan allo. Ɗaya ya fita farauta, ɗaya ya zauna gadi. Duck Hunt, mai harbin agwagi da bindigar roba, yana da tasa matsalar a yau, an yi bayaninta a tambaya ta 13.

7. Mene ne bambancin wasan faɗa da wasan duka?

A wasan duka tafiya kake yi a titi, 'yan daba suna fitowa rukuni-rukuni kana share su har ka kai ga bos. Double Dragon na 1987 ya buɗe hanyar, Streets of Rage 2 na Sega, 1992, ya kai ta ƙololuwa. Irin wannan shi ya fi dacewa da wa da ƙani, domin gefe ɗaya suke.

Wasan faɗa kuwa gaba da gaba ne, mutum biyu kamar 'yan dambe a fage. Street Fighter II na Capcom, 1991, shi ya kafa tsarin da ake bi har yau: jarumai takwas kowa da salonsa, maɓallai shida, uku na naushi uku na shuri, da bugu na musamman da ake fitarwa ta hanyar murza yatsa, kamar ƙasa, ƙasa-gaba, gaba, sannan naushi. Hannun Sega na asali maɓallai uku gare shi, don haka sai ka danna Start kafin ka sauya daga naushi zuwa shuri. Dalilin da ya sa masu faɗa ke neman hannu mai maɓalli shida da ya fito a 1993 ke nan. A PlayStation, Tekken 3 ne sarki.

8. Zan iya barin yarana su buga Mortal Kombat?

Ƙananan yara, a'a. Wasan ya fito a 1992 da hotunan mutane na gaske da aka ɗauka suna faɗa, ga jini, ga kisan ƙarshe mai muni. Da aka kawo shi gidaje a 1993, Nintendo ta mayar da jinin gumi, Sega kuwa ta ɓoye shi sai an danna wasu maɓallai. Hayaniyar ta kai Majalisar Dattawan Amurka ta zauna a kai a ƙarshen 1993, kuma a 1994 aka kafa hukumar ESRB mai rubuta wa kowane wasa shekarun da ya dace da su. Tsufan wasa ba ya wanke abin da ke cikinsa. Ga yara akwai Mario, Sonic, Tetris da wasannin tsere da ke tambaya ta 10.

9. Ina wasannin ƙwallo suka samo asali, kuma me ya sa Winning Eleven ya shiga ran mutane haka?

FIFA International Soccer ya fito a 1993, ana kallon fili daga kusurwa. Waɗanda suka buga shi suna tuna yadda ɗan wasa ke tsere wa alƙali don kada a ba shi kati, da yadda ake tsayawa gaban mai tsaron gida a tare ƙwallon da ya buga. Konami ta biyo baya da International Superstar Soccer a Super Nintendo a 1994. Ba ta da izinin amfani da sunayen 'yan wasa, sai ta ƙirƙiro nasu, shi ya sa ɗan gaban Brazil ya zama Allejo.

Winning Eleven a PlayStation shi ne ya mamaye gidajen gem. Benci biyu, talabijin a kan tebur, janareta na ƙugi a waje, mai sharhi yana ihu da Japananci ba mai jin abin da yake faɗa amma kowa ya haddace. Doka ɗaya ce: wanda aka ci ya miƙa hannu. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ƙwallon ba ta manne a ƙafar ɗan wasa ba, tana da nauyi, tana kuɓucewa, kuma zira ƙwallo tsakanin 'yan baya na bukatar ka karanta gudun abokinka. Kowa ya san dabarar ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin bugu.

Mu kuma muna da namu. Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, wanda ya buga wa Ajax kuma yana cikin tawagar Najeriya da ta ci zinare a Atlanta a 1996, yana cikin 'yan wasa mafi gudu a wasan. Masu buga gasar Master League ta cikin wasan, inda ake gina ƙungiya ana sayen 'yan wasa, a ƙasashe da dama shi suke fara saye, har sunansa ya zama abin tunawa ga mutanen da ba su taɓa ganin wasansa a fili ba.

10. Wasannin tsere fa?

Road Fighter da Excitebike suna cikin kusan kowane kaset na tambaya ta 3. A Sega akwai Road Rash na 1991, tseren babura da ake dukan abokin hamayya da kulki. Super Mario Kart na 1992 ya raba allo biyu don mutum biyu, kuma har yanzu yana haɗa gida. Mai son mota ta gaske, da sauya taya da gyaran inji, Gran Turismo na 1997 ne nasa.

11. Akwai wasanni masu labari mai tsawo? Sai na iya Turanci?

Akwai, kuma su ne suka fi wuce mu a da, saboda gidan gem ba wurin zaman awa arba'in ba ne. The Legend of Zelda ya fito a Japan a 1986. Ana sakinka a daji ba taswira, ka nemi takobi, ka gano kogo da kanka. Kaset ɗinsa na Amurka, 1987, yana da ɗan batir a ciki mai riƙe inda ka tsaya. Wasannin da ba su da batir sukan ba ka dogon jerin haruffa ka rubuta a takarda, kuskuren harafi ɗaya ya ɓatar da aikin mako. PlayStation ta zo da katin ajiya mai gurbi 15.

Dragon Quest na 1986 da Final Fantasy na 1987 wani salo ne daban: faɗa ake yi bi-da-bi, kana zaɓar umarni daga jeri, jarumanka suna ƙara ƙarfi sannu a hankali. Waɗannan kam suna son Turanci, ko da matsakaici, domin mutanen gari ne ke faɗa maka inda za ka. Final Fantasy VII na 1997 faifai uku ne cur. Zelda ya fi sauƙin shiga ga wanda Turancinsa bai yi nisa ba. Mai neman wasan da ba ya bukatar yare ko kaɗan, Tetris ne, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, ya kuma game duniya tare da Game Boy, na'urar Nintendo ta riƙewa a hannu, a 1989.

12. Hura kaset da baki yana gyara shi?

Ba ya gyarawa. Abin da ke sa ya tashi shi ne cirewa da mayarwa da ka yi, wanda ke sa haƙoran kaset su sake kama na na'ura. Hucin baki kuwa danshi ne, yana jawo tsatsa a kan tagullar. Ka samu auduga mai tsinke, ka ɗiga mata sifirit, ka goge haƙoran har baƙin ya daina fita, ka bari ya bushe. A lokacin hunturu ka riƙa rufe na'urar da ƙyalle, ƙura ce babbar maƙiyarta.

Haka batun kifa PlayStation a kan bayanta idan ta ƙi karanta faifai. Yana aiki na ɗan lokaci, amma alama ce cewa idon da ke karanta faifan ya gaji, sauyi yake so.

13. Me ya sa hoton ya yi muni a talabijin na bango, bindigar agwagi kuma ta daina aiki?

An zana wasannin ne don tsohon talabijin mai ƙeya, wanda ke tausasa gefen zane yana haɗe launuka. Na zamani yana buɗe ɗan ƙaramin hoton ya cika faffaɗan allo, sai komai ya fito da kaushi. Kuma yana ɗan jinkiri kafin ya nuna hoto, wanda a kallon fim ba ka ji, amma a tsallen Mario za ka ji. Ka nemi saitin Game Mode, ka kuma mayar da allon 4:3 don kada mutane su yi faɗi.

Bindigar kuwa ba ta harba komai, ido ne a cikinta. Da ka ja kunama, allo zai yi baƙi na ƙiftawar ido, sannan farin akwati ya bayyana a inda agwagwa take. In bindigar ta ga farin a daidai lokacin, ka samu. Jinkirin talabijin na zamani yana ɓata wannan lissafin. Maganinta tsohon talabijin kawai.

Wani abin kuma: na'urorin Japan da Amurka suna tafiya a kan tsarin NTSC mai hoto 60 a daƙiƙa, na Turai a kan PAL mai 50, wanda shi Najeriya ke bi. Shi ya sa na'urar Amurka kan fito ba launi a wasu talabijin, kuma yawancin wasannin Turai ba su kai na Japan sauri ba da kusan kashi 17 cikin 100. Sonic na Turai har kiɗansa ja yake yi.

14. Zan iya buga su a waya ko kwamfuta?

Ƙwarai. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura, irin su RetroArch, kuma ko waya mai araha tana ɗaukar wasannin Famicom da Sega. Suna ba ka damar ajiye wasa a duk inda ka so, abin da ke rage wuyar da aka faɗa a tambaya ta 5. Sai dai danna gilashi ba ya maye gurbin maɓalli, ka nemi hannu mai Bluetooth.

Wasannin kansu har yanzu dukiyar kamfanoninsu ce, kuma shafukan da ke raba su kyauta sukan cusa wa waya ƙwayar cuta. Hanya mai tsabta tana nan: Nintendo ta fitar da ƙaramar NES mai wasanni 30 a 2016 da ƙaramar Super Nintendo mai 21 a 2017, Sega ta fitar da Mega Drive Mini mai 42 a 2019, kuma masu na'urar Nintendo Switch suna samun tsofaffin wasanni ta rajistar Nintendo Switch Online. 'Yan sandunan nan da ake soka wa talabijin masu alƙawarin wasa dubu goma, jikokin kaset ɗin tambaya ta 3 ne, da halinsu na maimaici.

15. Na samu tsohuwar na'ura ta hannu. Me zan duba kafin in biya, da kafin in jona?

Kada ka biya sai an kunna a gabanka, an bar ta ta yi aƙalla minti goma sha biyar, domin wata matsalar sai ta ɗau zafi take fitowa. Gwada kowane maɓalli a hannaye biyun, ka lanƙwasa wayar hannun a hankali kusa da gindinta ka ga ko tana yankewa. Kaset ɗin Famicom haƙora 60 gare shi, na NES 72, ɗaya ba ya shiga ɗaya. Faifan PlayStation na asali bayansa baƙi ne. In kaset mai ajiya ne kamar Zelda, ka ɗauka batirinsa ya kusa mutuwa ko ya mutu. Mai gyaran rediyo zai sauya shi da ɗan dalma, amma abin da aka ajiye a ciki zai goge.

Wuta ita ce ta fi kashe waɗannan na'urori. Ta Japan 100 take sha, ta Amurka 120, tamu kuwa 230 ce. Karanta abin da aka rubuta a jikin adafta, in ba ta kai 230 ba sai da taransifoma mai rage wuta. Kada ka ɗauki kowace adafta don kawai bakinta ya shiga. Famicom da Mega Drive ta farko suna son wadda tsakiyar bakinta ke da alamar ragi, akasin yawancin adaftocin da ke gida a yau, kuma adaftar NES in ka soka wa Famicom za ta ƙona ta. In janareta kake amfani da shi, bari ya daidaita tukuna kafin ka jona, ka kuma sa sitabilaiza a tsakani.